Gishiri, Sukari da Kwalara: Daga Kalkata zuwa Kasuwar Dabbobi ta Inugu

Saura kwana huɗu Babbar Sallah, ranar Juma'a 16 ga Yulin 2021, ma'aikatar lafiya ta jihar Inugu ta fitar da sanarwar da ta tayar wa 'yan Arewa mazauna garin hankali. Kwalara ta ɓulla a kasuwar New Artisan, ta kashe mutum 7, an kwashi wasu 19 zuwa asibitin koyarwa na Parklane suna amai da gudawa. Wanda ya san kasuwar ya san irin makon da ake ciki. Mako ne na raguna. Tireloli na ta sauke dabbobi, dillalai da 'yan kamasho da 'yan dako da masu abinci sun cika ko'ina, da yawansu a nan suke wuni a nan suke kwana, ruwan da ya samu shi ake sha. Ga damina ta kankama.

A waccan shekara ɓarnar da annobar ta yi a Arewa ta fi ta Inugu nesa ba kusa ba. Hukumar daƙile cututtuka ta NCDC ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, 3,604 suka rasu, kuma fiye da rabin masu cutar daga Bauci da Jigawa da Kano da Zamfara suke, wato irin garuruwan da fatake da 'yan cirani ke baro iyalansu. Abin takaicin shi ne, duk kasuwar da akwai mai shayi akwai sukari, duk inda akwai mai tsire akwai gishiri, kuma waɗannan biyun, idan aka auna su daidai cikin ruwa mai tsabta, sun isa su ceci kusan 8 cikin 10 na masu kwalara ba tare da an huda jijiya ba. Sai dai likitocin duniya sun shafe kusan shekara 140 suna lalube kafin su gane haka, domin amsar tana ɓoye a wani tantani da ido ba ya gani.

Zaman Hausawa a yankin su Inugu ya girmi 'yancin Nijeriya da nisa. Anacha tun ƙarni na 19 babbar kasuwar bakin Kwara ce, Nufawa da Hausawa na saukowa da hajarsu ta kogi. Inugu da Fatakwal kuwa kwal ne ya haife su. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, Turawa suka nemi gaɓar da jiragen ruwa za su tsaya su ɗauka, suka kafa Fatakwal, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Daga nan dogon ya miƙa Arewa, aka gama gadar Makurɗi a 1932, shanu da albasa da wake suka riƙa gangarowa, manja da goro suna hawa. A shekarun 1950 har wani Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar zaɓe. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watse zangunan, aka bar rumfuna babu kowa. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan, suna zama inda aka saba ba su: gefen tasha, bakin mayanka, kusa da garejin manyan motoci. Filin da ba naka ba, wanda ana iya tashinka gobe, ba ka haƙa masa rijiya mai zurfi, ba ka gina masa masai na siminti. Wannan yanayi bai canza sosai ba har yau.

Ba a cika shekara da ƙarewar yaƙin ba sai ga baƙuwa. Wani nau'in kwalara da ake kira El Tor ya taso daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ya ratsa Asiya, ya sauka Gini a Agustan 1970, ya bi gaɓar teku da hanyoyin fatauci, ya iso kusa da Legas a ƙarshen Disamba. Rabon Afirka ta Yamma da kwalara tun ƙarni na 19, don haka yawancin likitoci da malaman asibiti a littafi kawai suka san ta. A 1971 Nijeriya ta ba da rahoton mutum 22,931 sun kamu, 2,945 sun mutu. Magani ɗaya aka dogara da shi a lokacin, ƙarin ruwa ta jijiya, kuma mai kwalara mai tsanani yana iya shanye lita goma ko fiye. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ina za ta samo wannan?

Don a gane abin da ke kashe mai kwalara, sai an leƙa cikin hanji. A kowace rana ruwa kimanin lita 8 zuwa 9 ne ke bi ta hanjin babban mutum. Kusan lita 2 ne kawai ya sha ko ya ci. Sauran miyau ne da ruwan tumbi da na matsarmama da wanda hanjin kansa ke fitarwa don narka abinci. Kusan duka hanji ke maido wa jini, abin da ke fita da bayan gida bai cika ƙaramin kofi ba. Masu wannan aiki su ne ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanji, sahu ɗaya tak tsakanin abinci da jini. Jikin mutum gaba ɗaya da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina shi, kimanin tiriliyan 30, waɗanda Robert Hooke ya fara ganin ɗakunan irinsu a ɓawon itace da madubin ƙara girma a 1665. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani na maiƙo, siriri ƙwarai, sai an jera kusan dubu goma kafin su kai kaurin takarda ɗaya. Gishiri da sukari ba sa iya ratsa maiƙon nan. Sai ta ƙofofi na furotin da aka dasa a jikinsa, kowace ƙofa da abin da take bari ya wuce.

Ruwa kuma nasa sha'anin daban ne. Babu ƙwayar halittar da ke da famfon tura ruwa. Ruwa da kansa yake tafiya, kuma kullum yana barin ɓangaren da ya fi tsarki ya nufi ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Wannan shi ne osmosis. Masu harkar fata a Kano sun san shi a aikace: a barbaɗa wa ɗanyar fata gishiri da yamma, kafin safiya ta tsiyayar da ruwanta, ƙwayoyin da za su ruɓar da ita ma sun bushe. Wani limamin coci ɗan Faransa, Jean-Antoine Nollet, shi ya fara rubuta abin a 1748, bayan ya rufe bakin kwalbar barasa da mafitsarar alade ya nutsa ta a ruwa, ya ga mafitsarar ta kumbura kamar za ta fashe. Jacobus van 't Hoff na Holan ya fitar da lissafinsa, yana cikin abin da ya ba shi lambar Nobel ta farko a kimiyyar sinadarai a 1901. Ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi cikin tantani kuwa sai 1992 Peter Agre ya tabbatar da su, lokacin da ya sa wa ƙwan kwaɗo furotin ɗin, ya jefa shi a ruwa, ƙwan ya kumbura ya fashe. Dokar osmosis ɗin nan ita ta sa ba a yi wa mutum ƙarin ruwa da tsurar ruwa: jajayen ƙwayoyin jini za su zuƙa har su fashe. Dole a sa gishiri giram 9 a kowace lita ya yi daidai da jini.

Saboda haka hanji in yana son ruwa, gishiri yake ja, ruwan ya biyo baya. A bayan kowace ƙwayar hanji, ɓangaren da ke kallon jini, akwai wani famfo da Jens Skou na Danmak ya gano a 1957 yana bincike a jijiyar ƙaguwa. Famfon yana ƙona makamashi ya tura sodiyam 3 waje ya shigo da fotasiyam 2, dare da rana. Wannan ya sa cikin ƙwayar kullum yana ƙarancin sodiyam, sai sodiyam ɗin da ke cikin abinci ya riƙa kutsawa ta duk ƙofar da ya samu a ɓangaren hanji, famfon ya wuce da shi jini, ruwa ya bi sawunsa.

Ƙwayar bakteriyar kwalara, wadda Filippo Pacini ya gani a Italiya a 1854, Robert Koch ya sake tabbatar da ita a Kalkata a 1884, ba ta shiga jini, ba ta ma yaga hanjin. Manne wa bango take yi ta saki dafi. Wani likita Ba'indiye, Sambhu Nath De, shi ya nuna haka a 1959: ya tace ruwan da aka reni ƙwayoyin har babu ko ɗaya a ciki, ya zuba a ɗaurarren hanjin zomo, hanjin ya cika da ruwa. Dafin yana da sassa biyar masu kama tantani, da sashe ɗaya mai shiga ciki, kuma wannan sashen enzayim ne. Enzayim furotin ne mai gaggauta wani aikin sinadari ba tare da shi ya ƙare ba. Irinsa ne a miyau yake sa gurasa ta fara zaƙi idan an daɗe ana tauna ta. Na kwalara aikinsa ɗaya: ya sami wani makunni a cikin ƙwayar hanji ya danne shi a kunne. Makunnin ya ta da wani enzayim na jikin mutum kansa, shi kuma ya yi ta aika saƙon da ke buɗe ƙofar kuloraid, yana rufe babbar hanyar shan gishiri. Kuloraid ya kwarara cikin hanji, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Hanjin da aikinsa sha ne ya koma zubarwa, har lita ɗaya a awa guda idan abin ya yi tsanani.

Sauran alamun duk wanda ya yi jinyar mai kwalara ya san su. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, idanu su faɗa, murya ta disashe, yatsu su yamutse, a tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, ƙafafu su riƙa ɗaurewa, fitsari ya ɗauke. Ƙato mai ɗaukar buhu da safe yana iya rasuwa kafin isha'i. Idan ba a yi komai ba kusan rabin masu tsananin cutar ke mutuwa; idan an mayar da ruwan a kan lokaci, ko 1 cikin 100 ba ya kaiwa.

Tun 1831 wani matashin likita ɗan Ailan, William O'Shaughnessy, ya auna jinin masu kwalara ya ce ruwa da gishiri ne suka tsere. A 1832 Thomas Latta na garin Leith a Sukotlan ya ɗura wa majinyata ruwan gishiri ta jijiya, waɗanda aka fid da rai da su suka buɗe ido suka yi magana. Da yawa sun sake komawa suka mutu, domin ba a san tsabtace allura ba, ba a kuma san adadin da ya dace ba. Latta ya rasu a shekara mai zuwa, aka watsar da dabararsa shekaru da dama, aka koma tsaga da ba da maganin wankin ciki ga mutumin da cikinsa ya riga ya wanke. Ba da ruwa ta baki kuwa kowa ya gwada ya gaji. Tsurar ruwa ba ta mayar da gishirin da aka rasa, ruwan gishiri zalla kuma hanjin ba ya karɓa, sai ya ƙara yawan gudawar.

Mabuɗin ya fito daga wurin mutumin da ba kwalara yake nema ba. A Agustan 1960, a wani taro a birnin Firag, Robert Crane ɗan Amurka ya bayyana yadda hanji ke shan gulukos. Akwai wata ƙofa a tantanin da ba ta ɗaukar gulukos shi kaɗai, ba ta ɗaukar sodiyam shi kaɗai. Kamar motar haya ce a tasha wadda ba ta tashi sai kujerunta sun cika: sodiyam 2 da gulukos 1 su zauna, sannan ta juya ta sauke su a ciki. Daga baya aka gano cewa dafin kwalara bai taɓa wannan ƙofa ba. Duk ɓarnar da yake yi, tana nan tana aiki. Ke nan idan aka haɗa gishiri da sukari, gulukos zai shigar da sodiyam, ruwa ya bi su, a riƙa cike gurbin abin da ke zuba har jiki ya kori cutar cikin 'yan kwanaki.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. A 1962 ayarin likitan sojan ruwan Amurka Robert Phillips ya gwada a Manila da haɗi mai kauri fiye da kima, ana kuma ƙarin ruwa ta jijiya a lokaci guda. Mutum 5 cikin 30 suka mutu, ruwa ya cika musu huhu. Phillips ya tsorata, ya juya wa dabarar baya. Sai a 1968 wasu matasan likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, a cibiyar binciken kwalara ta Dakka, suka nuna cewa idan aka auna abin da ke fita aka mayar da daidai shi ta baki, buƙatar ƙarin ruwa tana raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Duk da haka manyan likitoci suka ce a bar shi a asibiti, a hannun ƙwararru.

Yaƙi ne ya fitar da shi. A 1971, shekarar da Nijeriya ke binne mutanenta kusan dubu uku, yaƙin ɓallewar Bangaladash ya kora miliyoyin mutane zuwa Indiya, kwalara ta faɗa wa sansanoninsu. A Bangaon, kan iyaka, ruwan ƙari ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos da soda a ganguna, ya raba wa 'yan uwan majinyata kofuna, ya ce su yi ta ba su. Cikin mutum fiye da 3,700 da aka yi wa haka, mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 zuwa 3.6 cikin 100. Masu ba da maganin nan uwaye ne da mata da ƙanne, ba likitoci ba. A 1978 mujallar likitoci ta The Lancet ta ɗauki gano alaƙar sodiyam da gulukos a matsayin abin da wataƙila ya fi kowane ci gaban likitanci muhimmanci a ƙarnin. Daga 1980 ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida a Bangaladash tana koya wa mata fiye da miliyan 12 yadda ake haɗawa. A lokacin gudawa tana kashe yara ƙanana kimanin miliyan 4.6 a duniya duk shekara. Yanzu adadin ya sauko ƙasa da rabin miliyan.

A Nijeriya sunan da ya manne da ruwan gishiri da sukari shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka cika rediyo da talabijin da bangon asibitoci da ma'aunin da kowane gida zai iya: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a shafe, cokali 10 na sukari ko ƙwaya 5 ta sukarin kwali, cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya ko kwalbar lemo biyu. A zangon Inugu ko na Anacha, inda kwalbar giya ba ta shiga gidan malam, ta lemon aka riƙe. Sukarin shayi yana aiki ne saboda akwai wani enzayim a bangon hanji da ke raba shi biyu ya saki gulukos. Haka kuma kunu ko koko mai ruwa-ruwa da aka sa wa ɗan gishiri yana taimako, domin enzayim na narka sitacin sannu a hankali, gulukos na fitowa kaɗan-kaɗan ba tare da ya yi wa hanji yawa ba.

Yawan nan shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma dokar osmosis ba ta san kyakkyawar niyya ba. Uwar da ta ga ɗanta ya galabaita ta ƙara sukari don ya sami ƙarfi, ko ta ba shi lemon kwalba, ta sa abin da ke cikin hanji ya fi jini kauri, sai ruwa ya baro jini ya nufi hanji, gudawa ta ƙaru. Wadda ta cika gishiri kuma tana iya jawo wa jariri jijjiga, saboda ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa za su tsotse. Cokula ba girmansu ɗaya ba, hannaye ma haka. Wannan ya sa hukumomi suka fi karkata ga ƙunshin gishiri da sukari na ORS da aka riga aka auna, a juye shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka rage kaurin haɗin kansa, daga 311 zuwa 245 a ma'aunin osmosis, ya koma ƙasa da na jini, aka ga amai da yawan gudawa sun ragu. A 2004 suka ƙara da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 ga yara. Ma'aunin gida da ake koyarwa yanzu idan babu ƙunshi shi ne lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin cokali na gishiri. Wanda ya suma ko amai ya hana shi riƙe komai, wannan sai asibiti da ƙarin ruwa.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya ba masana kansu mamaki. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos na jami'ar Harvard suka gano cewa umarnin ƙera dafin kwalara ba na bakteriyar ba ne tun asali. Na wani bairas ne da ya shige ta. Bairas bai kai ƙwayar halitta ba: ɗan ƙunshin umarnin gado ne cikin rigar furotin, ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga wata ƙwayar ya mayar da kayan aikinta nasa. Wasu mutum suke kamawa, kamar na ƙyanda da shan inna, wasu tsiro, wasu kuma bakteriya. Wannan na kwalara yana shiga ta wani siririn gashi da bakteriyar ke manne wa hanji da shi, ya dasa umarninsa cikin nata, daga ranar ita da zuriyarta sun zama masu dafi. 'Yan uwanta da bairas ɗin bai shiga ba suna nan birjik a ruwan gaɓar teku mai ɗan gishiri, irin na rafukan da suka kewaye Fatakwal, ba sa ta da annoba. Wasu bairas ɗin kuma kashe bakteriyar suke yi, har masu bincike a Dakka suka lura cewa annoba na lafawa a daidai lokacin da waɗannan suka yawaita a ruwa.

A shekarar da Waldor da Mekalanos suka yi wannan bincike, Kano na cikin tsaka mai wuya. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 an ƙirga masu kwalara 5,600 da mutuwar 340, ga sanƙarau da ƙyanda a lokaci guda, asibitin cututtuka masu yaɗuwa ya cika har waje. Cikin waɗanda suka kawo ɗauki akwai ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a yankin Biyafara lokacin yaƙi suka kafa a 1971. Binciken da aka yi a kan annobar ya nuna abubuwa biyu da suka bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira: shan ruwan da ake sayarwa a titi, da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Shekara biyar kafin nan, a 1991, ƙasar ta yi asarar mutum 7,654 cikin 59,478 da suka kamu, alhali ana tsakiyar yekuwar gishiri da sukari.

Maganar ruwan titi tana taɓa zangunan Kudu kai tsaye, domin a Fatakwal da Anacha da Inugu tura kurar ruwa na cikin sana'o'in da 'yan Arewa da 'yan Nijar suka riƙe. Ɗora wa ɗan ga-ruwa laifi abu ne mai sauƙi, amma shi bai ƙirƙiri ruwan ba, inda ya samu yake ɗiba, kuma shi ma shi yake sha. Inugu tana zaune a kan duwatsun kwal da laka mai tauri waɗanda ba sa riƙe ruwa, rijiyar burtsatse ba ta cika yin nasara a cikin gari ba, don haka tankoki ke jigila daga wajen Ninth Mile, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya koma rafi ko rijiya marar zurfi. Anacha tana bakin kogi mafi girma a ƙasar amma yawancin gidaje da burtsatsen kansu suka dogara. A Fatakwal ruwa yana kusa da ƙasa ƙwarai, abin da ke sa ramin masai da rijiya su yi maƙwabtaka, unguwannin bakin ruwa kuma da yawa masansu a kan rafi suke. Da ruwan sama ya sauka, abin da ke rami ɗaya ya sami hanyar ɗayan. John Snow ya nuna wannan a Landan tun 1854 lokacin da ya sa aka cire hannun famfon titin Broad, kuma biranen Turai da bututu da magudana suka rabu da kwalara, tun kafin a san ko ɗaya daga cikin ƙofofin tantanin nan. Dabaru masu arha suna rage kaifin abin: tafasawa, sa sinadarin kulorin a jarka, jarka mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga. A ƙauyukan Bangaladash, ayarin Rita Colwell ya nuna a 2003 cewa tace ruwa da tsohon zane da aka ninka huɗu ya rage kwalara da kusan rabi, saboda bakteriyar tana maƙale wa wasu ƙananan halittun ruwa da zanen ke tarewa.

Kwalara ce ke shiga labarai, amma gudawar da ta fi cin yara a kullum ta bairas ce, musamman rota, wanda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Melbon ta Ostareliya a 1973. Shi yana shiga ƙwayoyin hanjin ne ya lalata su, har da enzayim ɗin da ke narka sukarin madara, abin da bai narke ba ya zauna a hanji yana jan ruwa. Maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai. Nijeriya ta shigar da rigakafinsa cikin na yara na yau da kullum a Agustan 2022. Ruwan gishiri da sukari yana aiki a kansa kamar yadda yake yi a kan kwalara, amma yana da wani rauni a idon mai jinya: ba ya tsayar da gudawar nan take, rai kawai yake riƙewa har ta wuce. Uwa kuwa tsayawar take son gani. Sai ta aika kemis, mai kemis ya ba da Flagyl ko tetracycline a ƙulle a leda, domin abin da aka zo nema ke nan kuma ya fi kawo riba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da suka yi gudawa, kusan 4 cikin 10 ne kawai aka ba ORS, shekara 33 bayan Ransome-Kuti ya hau kujerar minista.